Iyaye Matan Dandalin Mayu da Yabon da Ke Tauye Musu Haƙƙi

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a rubuce-rubuce da jawaban ranakun tunawa a duk lokacin da aka zo maganar matan da suka tunkari mulkin kama-karya, wanda ke cewa abin da ya fito da su titi bai wuce zafin haihuwa ba, cewa ba su san siyasa ba kuma ba ruwansu da ita, sannan matsayinsu na uwaye ya zame musu garkuwa, tun da ko sojan da ya fi kowa rashin imani yana jin nauyin ɗaga wa tsohuwa hannu. Masu wannan magana yabo suke nufi, kuma saboda yabo ne ba a cika tsayawa a auna ta ba. Misalin da suka fi kafa hujja da shi shi ne na ƙungiyar Madres de Plaza de Mayo ta ƙasar Ajantina, wato Iyaye Matan Dandalin Mayu, alhali tarihin wannan ƙungiya, idan aka bi shi daki-daki, shi ne ya fi kowane tarihi rushe ra'ayin.

A ranar 24 ga Maris 1976 sojojin Ajantina suka kifar da gwamnatin Isabel Perón, suka kafa majalisar mulki ƙarƙashin Janar Jorge Rafael Videla, kuma maimakon su riƙa kama abokan hamayya suna gurfanar da su ko suna harbe su a fili, sai suka zaɓi hanyar ɓatar da mutane. Ma'anar ɓatarwa ita ce jami'ai cikin farin kaya su ɗauke mutum daga gidansa ko wurin aikinsa, a kai shi wani ɓoyayyen sansani a azabtar da shi, a kashe shi a ɓoye gawar, sannan hukuma ta ce ba ta taɓa jin labarinsa ba. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojojin ta ƙirga irin waɗannan sansanoni kusan 340, ta kuma tattara sunayen mutum kusan 9,000 a rahotonta na 1984, yayin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke cewa adadin ya kai 30,000. Manufar tsarin a bayyane take: inda babu gawa babu shaidar kisa, kuma dangin da ke sa ran ɗansu yana raye ba za su so yin abin da zai fusata masu riƙe da shi ba, don haka kowane gida zai yi ta bin ofisoshi shi kaɗai, cikin tsoro da ladabi, har ya gaji.

Wannan lissafi ne Azucena Villaflor ta gano, kuma gano shi aikin ƙwaƙwalwa ne. An ɗauke ɗanta Néstor a ƙarshen Nuwamba 1976, ta shafe watanni tana zirga-zirga tsakanin ma'aikatar cikin gida da barikoki da ofishin limaman cocin sojoji, inda take haɗuwa da fuskoki iri ɗaya a kan layi, har ta fahimci cewa layin da kansa wani ɓangare ne na tsarin, domin yana raba masu koke ɗaya-ɗaya yana kuma tatsar bayanai daga bakinsu. Shawarar da ta kawo ita ce a daina roƙo a ɗaki, a koma Dandalin Mayu da ke gaban fadar shugaban ƙasa a birnin Buenos Aires, wurin da ya kasance cibiyar siyasar ƙasar tun zamanin neman 'yanci. Mata 14 ne suka hallara ranar 30 ga Afrilu 1977, kuma da suka lura cewa ranar Asabar ce, ofisoshi a rufe, babu mai ganin su, sai suka sauya rana har suka tsaya a kan Alhamis da ƙarfe uku da rabi na yamma, lokacin da tsakiyar birni ke cike da jama'a. Da 'yan sanda suka ce dokar ta-ɓaci ta hana taruwa don haka su yi gaba, sai suka bi umarnin a zahiri suka karya shi a ma'ana, suka riƙa tafiya bibbiyu suna zagaya dandalin. Zaɓen wuri da rana da sa'a, da neman kafar da doka ta bari a buɗe, su ne abubuwan da ake kira dabarun gwagwarmaya idan maza ne suka yi su. Babu dalilin da zai sa sunan ya canza don mata ne.

Gaskiya ne da yawa daga cikinsu matan gida ne waɗanda ba su taɓa shiga wata jam'iyya ba, kuma Hebe de Bonafini, wadda ta shugabanci ƙungiyar daga 1979, ba ta wuce makarantar firamare ba. Amma inda mutum ya taso daban, abin da ya zama daban, kuma ko a farkon tafiyar ma hoton bai kai yadda ake zana shi ba. Villaflor ta fito ne daga gidan ma'aikata masu ra'ayin jam'iyyar Perón a garin Avellaneda, inda siyasa take abincin yau da kullum. Esther Ballestrino kuwa masaniyar kimiyyar harhaɗa sinadarai ce wadda ta yi gwagwarmaya da mulkin soja a Paraguwai tun cikin shekarun 1940 har ta yi gudun hijira zuwa Ajantina, kuma a ɗakin gwajin da take aiki ne wani matashi mai suna Jorge Bergoglio, wanda daga baya ya zama Fafaroma Francis, ya yi aiki a ƙarƙashinta. A 1977 aka ɗauke 'yarta mai shekara 16 tana da ciki, aka sako ta bayan wasu watanni na azaba, uwar ta fitar da ita ta Barazil har ta samu mafaka a Suwidin. Da a ce zafin haihuwa ne kaɗai ke tuƙa wannan mata, to a nan labarinta zai tsaya, domin 'yar da ta haifa ta kuɓuta kuma ƙofar hijira a buɗe take gare ta. Sai ta komo Buenos Aires ta ci gaba da neman 'ya'yan wasu, kuma ba ta ƙara ganin sabuwar shekara ba.

A nan ne batun garkuwa ke faɗuwa warwas. Rundunar sojojin ruwa ta ɗauki matan da muhimmancin da masu yabonsu na yau ba su ba su ba, har ta tura wani matashin hafsa, Alfredo Astiz, ya shige cikinsu da sunan ƙarya na Gustavo Niño, yana cewa an ɓatar da ɗan'uwansa. A lokacin matan suna tara kuɗi da sa hannu domin buga sanarwa a jaridar La Nación a ranar 10 ga Disamba 1977, ranar haƙƙin ɗan Adam ta duniya. Ranar 8 ga wata aka ɗauke Ballestrino da María Ponce de Bianco da wata 'yar Faransa mai hidimar coci, Alice Domon, tare da wasu, a bakin cocin Santa Cruz. Ranar 10 ga wata, da sanarwar ta fito, aka ɗauke Villaflor a kusa da gidanta, aka kuma ɗauke Léonie Duquet, abokiyar aikin Domon. Mutum 12 ke nan. An kai su makarantar kanikancin sojojin ruwa da ake kira ESMA, sansanin da ya fi kowanne ƙaurin suna, aka azabtar da su, sannan aka jefo su teku daga jirgin sama. Igiyar ruwa ta dawo da wasu gawarwakin gaɓa kafin watan ya ƙare, aka binne su babu suna a maƙabartar General Lavalle, kuma sai a 2005 ne masana binciken ƙasusuwa suka tabbatar da cewa uwayen uku suna cikinsu, da karaya irin ta wanda ya faɗo daga sama. Gwamnatin da ke kiran su mahaukata a bainar jama'a ta zaɓi shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya ta kashe, kamar yadda ake yi wa shugabannin jam'iyya. Ban da haka, rahoton 1984 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ɓatar mata ne, cikinsu har da masu ciki.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin ma'aunin jarumtar, domin waɗanda suka koma dandalin bayan Disamba 1977 sun koma ne da sanin cewa farin ɗankwali ba ya tare komai. Shi ma ɗankwalin, wanda suka fara ɗaurawa a Oktoba 1977 domin su gane juna a cikin taron masu ziyarar cocin Luján, kuma asalinsa ƙyallen ƙunzugun jarirai ne, makami ne da aka zaɓa da hankali: gwamnatin da ke iƙirarin kare iyali da addini ta wayi gari iyalin ne ke tuhumarta a ƙofar fada. Sun yi amfani da matsayin uwa kamar yadda lauya ke amfani da dokar da abokin shari'arsa ya rubuta da hannunsa. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 1978, wadda sojojin suka shirya domin wanke sunansu, matan suka nemi 'yan jaridar ƙetare har gidan talabijin na Holan ya nuna su ga duniya. A Agusta 1979 suka yi wa ƙungiyar rajista a hukumance, a wata na gaba suka bi layi suka ba da shaida gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka da ta kawo ziyara, kuma da gwamnati ta fito da dokar da ke sauƙaƙa ayyana ɓatattu a matsayin matattu, suka ƙi karɓa, domin sun gane cewa takardar mutuwa ba tare da sunan makashi ba hanya ce ta rufe fayil. A Disamba 1981 suka yi zagayen sa'a 24 ba tsayawa.

'Yan'uwansu na ƙungiyar Abuelas, wato kakanni mata, waɗanda suka fara aiki a 1977, sun ɗauki wani fanni da ya fi wuya. An ƙiyasta cewa jarirai kusan 500 aka ƙwace daga iyayen da aka kashe aka raba wa gidajen sojoji da na makusantansu, kuma ilimin lokacin ya san yadda ake gwada jinin ɗa da na mahaifinsa, bai san yadda za a yi idan mahaifan duka babu su ba. Kakannin suka bi masana har Amurka suna tambaya, har aka samar da hanyar tabbatar da nasaba tsakanin jika da kakanni, aikin da masaniyar ƙwayoyin gado Mary-Claire King ta taka rawa a cikinsa, suka kuma matsa wa majalisa ta kafa rumbun adana bayanan jini na ƙasa a 1987. Jikoki fiye da 130 aka gano ta wannan hanya, ciki har da jikan shugabarsu Estela de Carlotto a 2014. Wanda ya ce hawaye ne suka yi wannan aiki, to sai ya bayyana yadda hawaye ke rubuta ƙudurin doka.

Tambayar da ta dace ita ce wane ne ke cin ribar wancan yabo. Idan jarumtar matan daga mahaifa ta fito, to duk wanda ba shi da mahaifa ya samu uzuri: alƙalan da suka yi ta watsi da dubban ƙararrakin neman a gabatar da waɗanda ake tsare da su, da manyan jaridun da suka riƙa buga sanarwar sojoji kamar labari, da 'yan siyasar da suka laɓe, da mafi yawan shugabannin coci waɗanda suka yi gum. Tabbas akwai mazan da suka tsaya, irin su Bishop Enrique Angelelli da aka kashe a 1976 da Adolfo Pérez Esquivel da aka ɗaure aka azabtar, kuma tsayuwarsu ce ke nuna cewa zaɓi ne, ba halitta ba. Riba ta biyu ita ce, wadda aka ce uwa ce kawai ana iya cewa ta koma gida idan an gama makoki. Hakan aka nema bayan dawowar mulkin farar hula a Disamba 1983: an yi wa shugabannin sojojin shari'a a 1985, amma dokokin 1986 da 1987 suka rufe ƙofar sauran ƙararraki, sannan Shugaba Carlos Menem ya yi afuwa a 1989 da 1990. Matan suka ci gaba da zagayensu na Alhamis, kuma waɗanda suka yabe su jiya suka fara kiran su masu taurin kai, har majalisa ta soke dokokin a 2003, kotun ƙoli ta tabbatar a 2005.

Ba waliyyai ba ne, kuma wannan ma hujja ce a kan masu mayar da su gumaka. A 1986 ƙungiyar ta rabu biyu a kan batutuwa na siyasa zalla, kamar ko a yarda da tono gawarwaki da yadda za a yi hulɗa da gwamnatin farar hula, ɓangaren Bonafini da ɓangaren da ya kira kansa na masu kafa ƙungiya, inda Nora Cortiñas ta kasance. Bonafini ta yi kalamai da yawa da suka ɓata wa magoya bayanta rai, kuma wani shirin gina gidaje na gidauniyarta ya faɗa cikin badaƙalar kuɗi a 2011. 'Yan siyasa ne ke saɓani a kan manufa, su yi kuskure, a tuhume su. Hoton uwa mai kuka ba shi da gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mai karatu a Nijeriya ba sai an kai shi nesa ba kafin ya gane wannan salo, domin Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni 1996 a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, har yau an fi ambatonta da matar da ta tsaya wa mijinta, alhali waɗanda suka tura mata 'yan bindiga ba soyayyar aure suke tsoro ba. Ya kamata marubuta da malaman tarihi su daina ware irin waɗannan mata a babin tausayi na ƙarshen littafi, su sa su a babin da ake nazarin yadda ake karya mulkin danniya, a tattauna dabarunsu da kurakuransu da sunayensu kamar yadda ake yi wa kowane jagora. An yanke wa Astiz ɗaurin rai-da-rai a 2011 bisa laifuffukan da suka haɗa da na mutum 12 na cocin Santa Cruz, an ƙara wa Videla shekara 50 a 2012 saboda satar jarirai, kuma a gidan kurkuku ya mutu a watan Mayu 2013.