Filin Kimiyya Da Sana'a: Kafin A Sayi Uwar Allon Ƙaramar Kwamfuta

A 'yan shekarun nan samarin Bauchi, musamman ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, sun shiga sha'awar harhaɗa kwamfutar wasanni da hannunsu maimakon sayen wadda aka gama a masana'anta. Da yawa daga cikinsu kuwa ƙarama suke so, wadda za ta zauna a kan tebur a ɗakin haya, a kuma sa ta cikin jaka in an tashi hutu. Wannan sha'awa ba laifi ba ce. Sai dai tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 kayan da ake shigowa da su sun yi tsada ƙwarai, har kuskure ɗaya yakan cinye abin da yaro ya yi shekara yana tarawa. Wurin da aka fi yin kuskuren kuwa shi ne wajen zaɓen uwar allo, watau faifan nan da masu gyara suke ce wa bod, wanda kowane ɓangare na kwamfuta yake hawa kansa.

Da farko ya kamata mai saye ya san cewa allunan suna da girma iri iri. Kamfanin Intel na Amurka shi ya fito da ma'aunin ATX a 1995, mai tsawon santimita 30.5 da faɗin 24.4. A 1997 aka fito da microATX, santimita 24.4 kowane gefe. Sa'an nan a 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, shi ne kuma wanda masu son ƙaramin akwati suke nema. To, ƙanƙantar nan tana da farashinta. Allon Mini-ITX gurbi biyu kaɗai gare shi na ram, gurbi ɗaya kuma na katin hoto, alhali yawancin allunan microATX suna da gurbin ram huɗu. Daɗin daɗawa, sau da yawa ƙaramin ya fi babban tsada, domin cusa kaya masu yawa a ɗan fili aiki ne mai wuya, masu sayensa kuma ba su da yawa.

Abu na biyu shi ne, ba da allo ake farawa ba. Furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ake fara zaɓa, sa'an nan a nemi allon da soket ɗinsa ya dace da ita. Kamfanin AMD ya fito da soket ɗin AM4 a 2016, ya kuma biyo da AM5 a 2022. Intel ya fito da LGA1700 a 2021, sa'an nan LGA1851 a 2024. Furosesar ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Haka kuma lamarin ram yake: AM4 da DDR4 yake aiki, AM5 da LGA1851 kuwa sai DDR5, shi kuma LGA1700 akwai allon da aka yi wa gurbin DDR4, akwai wanda aka yi wa na DDR5, ba a kuwa haɗa su. Alal misali, saurayi yana da ram ɗin DDR4 na tsohuwar kwamfutarsa, ya aika Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja a Legas aka ɗoro masa allon AM5 a mota. Kaya sun iso, ya kai wa mai gyara, mai gyara ya duba ya ce, "Ƙanena, wannan ram ɗin naka ba zai shiga nan ba ko da guduma." Ke nan sai ya sake neman kuɗin da bai yi lissafinsu ba, ko kuwa allo ya zauna a kwali wata da watanni.

Har ila yau akwai wani tarko da ba a ganinsa da ido. Allo yana iya dacewa da furosesa ta wajen soket amma ya ƙi tashi, saboda manhajar da ke cikinsa, wadda ake kira BIOS, ta girmi furosesar. Wannan ya faru da mutane da yawa sa'ad da furosesocin Ryzen 5000 suka fito a 2020 aka ɗora su a kan tsofaffin allunan B450. Saboda haka allon da yake da ɗan maɓallin sabunta BIOS ta hanyar filashi, ba tare da an sa furosesa ba, ya fi wa mutumin Bauchi amfani, gama ba kowane shago ne yake da tsohuwar furosesar da za a ara a yi wannan aiki da ita ba.

Abu na uku shi ne yanayin ƙasa, wanda masu talla a intanet ba su sa shi cikin lissafi, domin a ƙasashen sanyi suke gwajinsu. A watannin Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kusanci digiri 40, lokacin hunturu kuwa ƙura ta cika gari. A kewayen soket akwai ƙananan na'urori masu daidaita wutar da furosesa take sha, su ne kuma suka fi ɗaukar zafi. In babu ƙarfen shan zafi mai kauri a kansu, aka kuma rufe su cikin ƙaramin akwati, kwamfuta za ta riƙa rage gudu da kanta ana tsakiyar wasa, a hankali kuma allon ya gaji. Lalle ne mai saye ya duba wannan ƙarfe, ya ƙirga wuraren da ake jona fanka, ya kuma lura cewa a allunan Mini-ITX da yawa gurbin ma'ajiya na biyu a bayan allo yake, inda iska ba ta isa sosai. Game da wutar lantarki kuwa, babu allon da yake jure hawa da saukarta kullum, don haka kuɗin sitabilaiza ko na'urar ajiye wuta yana cikin kuɗin kwamfuta tun daga farko.

Sauran magana ita ce ta kayan hannu, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam. Ba a ce kada a saya ba, amma a saya da ido buɗe. A allunan Intel da na AM5, allurai suna cikin soket ɗin allon ne, ba a jikin furosesa ba, kuma ɗaya tak in ta lanƙwashe tana iya kashe gurbin ram ko ta hana kwamfuta tashi. Wajibi ne a haska fitila a duba su, a kunna allon a gaban mai sayarwa, a gwada kowane gurbi, a kuma rubuta a rasit kwanakin da aka amince a iya dawo da shi. Wanda ya ƙi yarda a gwada kayansa ya riga ya faɗi halin kayan.

To, bayan duk wannan, wa ya kamata ya sayi Mini-ITX? Ɗalibin da yake kai da kawo tsakanin Yalwa da garinsu, wanda ya auna akwati da tsawon katin hoto da tsayin fanka kafin ya biya, yana da hujja. Amma mai shagon wasanni a Wunti ko wata unguwa, wanda kwamfutarsa za ta wuni tana aiki a wuri ɗaya yara suna buga ƙwallo, microATX ya fi masa alheri: ya fi araha, ya fi shan iska, ya fi sauƙin share ƙura, ranar da kuɗi suka samu kuma akwai wurin ƙara ram. Ragowar kuɗin in an zuba su a katin hoto, nan ne za a ga bambanci a wasa, domin tsadar allo ba ta ƙara wa hoto kyau.

Iyayen da 'ya'yansu suke zuwa musu da irin wannan buƙata, yana da kyau su ce a rubuto musu sunan furosesa da soket da irin ram da girman akwati a takarda ɗaya, a kai wa mai gyara amintacce ya duba kafin a fitar da ko kwabo. Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya sa a dace.