Allurar barci da ƙofar da aka rufe wa dangi

Wani maƙwabcina ya dawo daga asibiti ranar Talata ransa a ɓace. Mahaifinsa, dattijo mai hawan jini, yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman da na'urar numfashi. Da aka rage masa allurar barci sai ya hau fizge-fizge yana neman zare bututun, ɗansa ma bai gane ba. Aka ɗaure hannayensa da bandeji a ƙarfen gado, aka ƙara allura. Dangi kuwa a waje har an fara zancen iskoki.

Addu'a ba wanda ya hana. Amma wannan ruɗewar hankali ciwo ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa, likitoci sun daɗe da saninsa. Tun 2001 Dakta Wesley Ely na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya nuna cewa kusan takwas cikin goma na waɗanda ke kan na'urar numfashi suna faɗawa cikinsa. Shi da abokan aikinsa suka fito da gwajin CAM-ICU, wanda nas za ta yi a bakin gado cikin 'yan mintoci: ta riƙa ambaton haruffa, majinyaci ya matse hannunta duk sa'ad da ya ji "A".

Tsufa, ciwon mantuwa, hawan jini, shan barasa da tsananin cutar kanta duk suna ƙara haɗarin, kuma da su majinyaci ke zuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda muke ƙara masa da hannunmu. A 2006 bincike ya nuna cewa allurar barci ta lorazepam na ƙara haɗarin ruɗewa, daga baya aka ga ɗan uwansa midazolam ma haka. Tun 2000 kuma likitoci a Cikago suka nuna cewa tsayar da allurar barci sau ɗaya kullum, har majinyaci ya farka, yana rage kwanakinsa a kan na'ura. To, don me har yau ake danne mutum da allura don kawai ɗaki ya yi tsit? Na san ma'aikata sun yi ƙaranci, maganin da ya fi kuma da tsada, amma yaye labule rana ta shigo, da rage fitila da dare, da mayar wa tsoho tabaransa, ko sisi ba sa ci.

Sai batun ƙofar da ake rufe wa dangi. Lokacin korona an bincika majinyata sama da 2,000 a ƙasashe 14, aka ga waɗanda suka ji muryar danginsu, ko ta waya ce, sun fi tsira daga ruɗewa. Mu da ke da jama'ar da za su kwana a tabarma a barandar asibiti saboda nasu, mu ne muke korarsu da tsawa. Wannan ganganci ne.

Mai fizge-fizge ma da sauƙi, kowa ya gan shi. Akwai wanda ke kwance shiru, ido a buɗe, bai san dare ba bai san rana ba, ana ce wa 'ya'yansa ya samu sauƙi. Shi ne aka fi tsallakewa, ga shi ruɗewar tana da alaƙa da ƙarin mace-mace da mantuwar da ke bin mutum har gida bayan an sallame shi.