Tarkon Hoto: Abin da Dare Yake Ɓoye Mana a Bakin Garka

A wannan fitowa mun so mu ɗan fita daga tsakar gida mu nufi bakin garka, domin mu ba ku labarin wata ƴar na'ura da ta fara da ba mu kunya, daga baya kuma ta zama abin sha'awar gidanmu baki ɗaya.

Asalin maganar kankana ce. A ƙarshen damina garkar da muke nomawa a bayan gari ta shiga yin asara. Kowace safiya sai a tarar an fasa kankana biyu ko uku, an cinye jan, an bar ɓawo. Ba mu ga kowa ba, amma zukatanmu sun riga sun yanke hukunci. Akwai wasu yara makiyaya da ke bi ta gefen shinge da awakinsu, su muka ɗora wa laifin. Wani dattijo maƙwabcin garkar ya duba ɓawon, ya ce mana wannan aikin dila ne, muka ɗauka yana kare yaran ne kawai. Mun daina amsa gaisuwarsu da sakin fuska, har mun fara shawarar kai ƙara wurin mai gari. Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu da ya zo ganin gida ya ciro wani ɗan akwati mai launin ɓawon itace, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, ya ɗaure shi a gindin aduwa yana fuskantar kunyoyin kankanar. A dare na uku hoto ya fito. Ƙarfe biyu da ƴan mintoci na dare, ga dila ya tura baki cikin kankana, idanunsa na ƙyalli kamar garwashi. Gani ya kori ji. Dattijon ya yi gaskiya, yaran ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wannan akwati shi ne muke kira tarkon hoto, Faransawa kuma suna ce masa piège photographique. Kyamara ce da ake ɗaurewa a jikin itace a tafi a bar ta, ita da kanta take ɗaukar duk abin da ya gitta. A gabanta akwai wani ɗan ido mai jin ɗumi. Duk halitta mai jini tana fitar da ɗumin da idon mutum ba ya gani, to idan wani abu mai ɗumi daban da na wurin ya motsa a gaban wannan ido, sai ya tada kyamarar, ta ɗauki hoto cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Da rana hoton mai launi ne. Da dare kuwa wasu ƙananan fitilu suna haska wurin da irin hasken da mu ba ma gani, shi ya sa hoton dare yake fitowa fari da baƙi. A ƙasan kowane hoto tana rubuta rana da sa'a. Abincinta ƙananan batura ne irin na rediyon hannu, galibi guda 8, kuma tana tara hotunan a katin ajiya wanda ake cirewa a duba a kwamfuta ko a salula.

Dabarar ta girmi kakanninmu. Wani lauya ɗan Amurka mai suna George Shiras, wanda ya taso yana farauta a dazukan jihar Mishigan, shi ne ya ajiye bindiga ya rungumi kyamara. A shekarun 1890 yakan ja siririn zare ya tare hanyar da namun daji ke bi zuwa ruwa. Dabba na taɓa zaren sai garin wata sinadari ya kama da walƙiya, kyamara ta buɗe, dabbar ta ɗauki hoton kanta. A watan Yuli na 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa guda. A shekarun 1920 wani jami'in gandun daji ɗan Ingila, F. W. Champion, ya yi amfani da irin wannan dabara a Indiya ya ɗauki hotunan damisar can mai ratsi-ratsi. Daga baya, a shekarun 1990, masanin Indiya Ullas Karanth ya gina hanyar ƙidaya a kan wata hujja mai sauƙi: babu damisa biyu masu ratsi iri ɗaya, don haka hoto yana iya bambanta wannan da waccan kamar yadda makiyayi yake bambanta shanunsa. A ƙidayar da Indiya ta yi a 2018 an kafa tarkon hoto a wurare sama da dubu 26, aka ƙiyasta damisa 2,967. Abin da ya fara a matsayin nishaɗin mutum ɗaya ya koma ma'aunin da ƙasa guda take auna dukiyar dajinta.

Mu ma a wannan yanki namu na'urar ta yi mana shaida. A 2010, a tsaunukan Termit da ke gabashin Nijar, masu bincike sun samu hoton rabbin Sahara, wanda Faransawa ke kira guépard, fari-fari, siriri, yana tafiya cikin dare. Makiyayan wurin sun daɗe suna ganin sawunsa, amma masana sun sha wuya kafin su same shi a hoto, domin an ƙiyasta cewa manyan irinsa da suka rage a duniya ba su kai 250 ba. A 2012 aka ayyana Termit da Tin Tumma a matsayin gandun da aka keɓe. Haka nan a watan Fabrairu na 2023 wani tarkon hoto ya ɗauki zakanya a gandun Sena Ura na ƙasar Cadi, daf da iyakar Kamaru, inda rabon da a ga zaki tun 2004. A Gabon ma, a 2015, an samu hoton zaki bayan kusan shekara 20 ana ganin ya ƙare a ƙasar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna ya sa an sake duba wurin da aka fara fid da rai da shi.

To, mai karatu zai ce mu ina ruwanmu da zaki, alhali ba mu da daji sai garka da bayan gida? Mu ma haka muka zata. Bayan maganar kankana ta wuce, mun bar na'urar a wurin saboda son sani kawai. Cikin ƴan makonni sai ga bushiya tana kiwon ƙwari a gindin shinge, ga zomo, ga gafiya da kumatu cike, ga tunku yana sanɗa, ga yanyawa da dogayen kunnuwanta ta zo shan ruwa a inda bokiti ke ɗiga. Da hantsi kurege da damo suke karɓar filin. Shekara da shekaru muna taka wannan ƙasa, ba mu san muna da maƙwabta masu yawa haka ba. Abin da ya fi taɓa mu shi ne ƴaƴanmu. Sun san dila da kurege a tatsuniya, sun san wayonsu da ƙaryarsu, amma da aka nuna musu hoton ba su iya faɗin wane ne wane ba. Yaron da zai iya lissafa dabbobin wasu nahiyoyi da ya gani a talabijin bai san yanyawar da ke kwana kusa da gidansu ba. Idan sunan dabba ya fita daga bakin yara, ranar da dabbar kanta za ta ɓace ba wanda zai lura.

Ga wanda yake son gwadawa, ga abin da muka koya, wani da shawara, wani da kuskure. Da fari a bi sawu. A nemi inda ƙafafu suka yi hanya, ko bakin rami, ko wurin da ruwa ke taruwa, domin a ƙasarmu ruwa shi ne mai kiran kowa. A ɗaure na'urar daidai gwiwar mutum, don yawancin baƙin dare gajeru ne, kuma wanda ya ɗaure ta daidai ƙirji ba zai samu komai ba sai wutsiya. Kada a sa ta tana kallon gabas ko yamma, saboda rana mai fitowa da mai faɗuwa tana ɓata hoto, tana kuma ruɗa idon. A fuskantar da ita arewa ko kudu, kuma ta kalli tsawon hanyar a karkace, domin dabbar ta daɗe a gabanta. A share ciyawa da rassan da ke kusa, in ba haka ba iska za ta yi ta kaɗa su cikin zafin rana, katin ya cika da hotunan banza, batura su ƙare. A sani kuma cewa a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake haura awo 40, ɗumin ƙasa yakan yi daidai da na jikin dabba, sai idon ya kasa bambancewa. Saboda haka lokacin ɗari da kuma dare su ne suka fi ba da sakamako. A riƙa goge ƙurar hunturu daga gilashin, a kuma rage zirga-zirga a wurin, don warin mutum yana korar masu zuwa. Dubawa sau ɗaya a mako ta wadatar.

Sai haƙuri. A gandun Serengeti na Tanzaniya masu bincike sun fara kafa kyamarori a 2010, har suka kai 225, kuma zuwa 2013 sun tara jerin hotuna miliyan 1 da dubu 200, waɗanda mutane kusan dubu 28 suka taimaka wajen tantancewa ta intanet, don sha'awa kawai. Kusan kashi uku cikin huɗu na hotunan babu dabba a ciki. Idan haka ta faru a dajin da ke cike da namun daji, kada wanda ya samu ciyawa zalla a makonsa na fari ya karaya. Muna ba da shawara a tanadi littafi, a sa yara su riƙa rubuta rana da sa'a da sunan abin da ya zo, da Hausa da Faransanci. Wanda ba a gane ba a kai wa kaka ko wani tsohon maharbi. Bayan shekara guda iyali za su ga da idonsu wace dabba ke zuwa da damina, wace ce ke zuwa da rani, wace ce kuma ta daina zuwa.

Amma wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen, domin ido ne wanda ba ya barci kuma ba ya jin kunya. Na farko, wanda ya san sa'ar da zomo ke fitowa ya san sa'ar da zai ɗana masa tarkon gaske. Ko a Amurka, inda maharba suka fi kowa sayen wannan na'ura, jihar Arizona ta hana amfani da ita wajen farauta tun daga farkon 2022. Idan Allah ya nuna wa mutum wata dabba mai wuyar gani, to ya riƙe sirrin wurin, kada ya watsa shi a salula. Ko dilan namu ba mu sa masa guba ba, ƙaya muka ƙara wa shinge.

Na biyu ya fi nauyi. Na'urar ba ta bambanta dila da ɗan Adam. Wata rana muna duba katin sai muka ga wata baiwar Allah ta ratsa da itace a ka, ba ta san ana ɗaukarta ba. Nan take muka goge hoton, muka kuma juya na'urar ta bar kallon hanya. Wani bincike da aka wallafa a 2024 game da gandun Corbett na Indiya ya nuna cewa matan ƙauyukan wurin, waɗanda suka saba yin hira da waƙa da ƙarfi idan sun shiga daji neman itace, sun koma yin shiru saboda jin cewa ana kallonsu, alhali wannan hayaniyar ce take korar namun daji daga hanyarsu. A garuruwanmu kuwa kowa ya san cewa bayan gari wurin sutura ne ga mutane da yawa. Suratul Hujurat ta haɗa hani biyu a aya guda, mummunan zato da binciken asirin mutane, kuma mun ga yadda wannan ɗan akwati ya fitar da mu daga na farko, ya kusa jefa mu cikin na biyu. Don haka a kafa shi a gonar kai, ko da izinin mai gona. A sanar da maƙwabta da mai gari, musamman a wannan zamani da abin da aka ɗaure a itace ba tare da bayani ba yake iya tada hankalin jama'a. A nisanci rijiya, hanyar mata, da duk wurin da ya shafi tsaro. Gandun gwamnati kuwa ba a shigarsa da na'ura sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Game da yaran makiyaya, mun kira su muka nuna musu hoton, muka gaya musu abin da muka zarge su da shi, muka nemi gafararsu. Babban cikinsu ya yi dariya ya ce ai sun daɗe da sanin ramin dilan. Tun daga ranar su ne malaman ƴaƴanmu: su ke nuna inda za a ɗaure na'urar, kuma sau da yawa sukan faɗi abin da zai fito tun kafin a buɗe katin.

Wanda ya gwada a garkarsa ya rubuto mana abin da ya gani, da sunan da ake kiran dabbar a yankinsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.