Tsohon Ma'aikaci da Sabuwar Na'ura

Sanin kowa ne cewa a sana'o'in gargajiya, irin su ƙira da jima da dukanci, gwargwadon daɗewar mutum a sana'a gwargwadon girman da ake ba shi. Aikin kwamfuta kuwa ya zo da akasin haka. Abin da mutum ya ƙware a kai yau, kafin shekara goma a ce ya zama tsohon yayi, shi kuma a mai da shi saniyar ware a ofis. Wannan ɗabi'a kuskure ce, kuma tarihin COBOL ya isa shaida.

COBOL wani harshe ne na ba kwamfuta umarni, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1959. Da shi aka gina tsarin lissafin bankuna da ma'aikatun gwamnati masu yawa. Da sababbin harsuna suka fito, sai jami'o'i suka ja baya da koyar da shi, masanansa kuma aka shiga yi musu kallon mutanen jiya.

Ana nan sai shekarar 2000 ta gabato. Tsofaffin na'urori da lamba biyu suke rubuta shekara, watau 99 a maimakon 1999, aka ji tsoron kada su ɗauki 00 a matsayin 1900, lissafi ya rikice. Nan fa aka bazama neman tsofaffin nan, har da waɗanda suka yi ritaya. Suka duƙufa suka gyara, ranar ta wuce ba tare da wata babbar ɓarna ba. Tukuicinsu? Wasu suka ce ai dama babu wata matsala, kuɗi kawai aka ci.

Haka aka maimaita a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona. Masu neman tallafin rashin aikin yi suka yi wa na'urorin Jihar New Jersey yawa, har Gwamna Phil Murphy ya fito yana cigiyar 'yan sa-kai da suka san COBOL. A lura, 'yan sa-kai aka nema. Ilmin da aka raina shekara da shekaru, shi ake so a samu kyauta ran da ido ya raina fata.

Babu mai musun cewa dole ma'aikaci ya riƙa ƙaro ilmi, balle tun 2022 da ChatGPT ta fito, na'ura da kanta tana iya rubuta umarnin. Amma nauyin bai rataya a wuyansa shi kaɗai ba. Ma'aikatar da ta ci moriyar ƙuruciyarsa, wajibinta ne ta ba shi lokaci da kuɗin horo. Abin takaici, sau da yawa sallama ta fi mata sauƙi. A Janairun 2023 kamfanin Google ya sanar da rage ma'aikata 12,000, da yawansu kuma ta saƙon intanet suka sami labari.

Abin da shugabannin ofis ba su cika lura da shi ba shi ne, tsohon ma'aikaci ba harshen na'ura kawai ya sani ba. Shi ya san dalilin da ya sa aka gina tsarin a yadda yake, da wurin da in aka taɓa albashin dubban mutane zai tsaya. Galibi ba a rubuce wannan yake ba, kuma ran da aka miƙa masa takardar sallama, da shi yake fita.