Lissafi Ba Hadda Ba Ne

Ƙanena ya fara koyon aikin injiniya bana. Da ya zo hutu ba shi da zance sai na lissafi. Ran nan muna bakin rijiya ya ce zai gaya mini zurfinta ba da igiya ba. Na yi dariya. Ya saki dutse yana duban agogo, bayan sakan 2 muka ji tsundum. Ya ce ƙafa 64 ke nan, gama in an saki abu, sai a ninka yawan sakan da kansa, sa'an nan a ninka da 16. Muka zura igiya, muka tarar bambancin kaɗan ne.

Ya ce haka injiniyoyi su kan yi. Ko gada ce ko madatsar ruwa, sai sun siffanta ta da lambobi a takarda, sun auna nauyin da za ta ɗauka, kafin a aza harsashi.

Kunya ta kama ni. Ni ma an koya mini wannan ƙa'ida, amma hadda na yi don jarrabawa. 'Yan'uwana malaman gobe, mu riƙa fita da yara bakin rijiya da kasuwa, su ga amfanin lissafi da idonsu. In ba haka ba, aku za mu yaye, ba injiniyoyi ba.