Kare Ba Kyarkeci Ba Ne: Ƙaryar Da Ke Cikin Kwanon Ɗanyen Nama

Wani yayi ya kunno kai a tsakanin masu kiwon karnukan gadi a Abuja da Kaduna da sababbin unguwannin Kano. Ana ganinsa a bidiyoyin TikTok da Instagram: kwano cike da ɗanyen cinyar kaza, da hanta, da tumbi, da ƙwai har da ɓawonsa, ana tura wa wani ƙaton Boerboel ko German Shepherd, shi kuma yana wawura. Saƙon da ke biye da hoton ɗaya ne a kullum, wai wannan shi ne abincin da halitta ta tsara wa kare, abincin buhu kuwa guba ce da kamfanoni ke sayarwa. Maganar tana da daɗin ji, amma tubalin toka ce, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren sau da yawa yaron da ke rarrafe a tsakar gida ne.

Yayin yana da tarihi. A shekarar 1993 wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafi mai suna Give Your Dog a Bone, inda ya yi kira da a koma ciyar da karnuka ɗanyen nama da ƙashi da ganye. Abin da yake yaƙa da shi masana'anta ce da ta faro tun wajen 1860, lokacin da wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a Ingila, ta kuma bunƙasa a shekarun 1950 sa'ad da kamfanin Purina ya soma sarrafa busassun ƙwayoyin abincin da aka sani a yau. Hujjar Billinghurst da mabiyansa ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya hura wuta, ba ya cin hatsi.

Dangantakar gaskiya ce, amma sakamakon da aka ciro daga gare ta bai tsaya ba. A 2013 mujallar Nature ta buga binciken Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala a Suwidin, wanda ya kwatanta ƙwayoyin gado na karnuka da na kyarketai. Sun gano cewa ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, wadda ake kira AMY2B, kwafi 2 ne kawai a jikin kyarkeci, amma a jikin karnukan da suka duba ta kai daga 4 zuwa 30. Dubban shekarun da kare ya yi yana lasar tukunya a gefen bukkar ɗan Adam sun sauya masa ciki. Karen maharbi da na makiyayi da suka rayu a kan ragowar tuwo da dambu sun tabbatar da wannan tun kafin a kai shi ɗakin gwaji. Ban da haka, rayuwar kyarkeci a dawa ba abar sha'awa ba ce: tsutsar ciki, da karyewar haƙori, da mutuwar wuri su ne rabonsa. Wanda ya ɗauki dawa a matsayin ma'aunin lafiya, to ya karɓi kayanta gaba ɗaya.

Babbar matsalar ɗanyen nama ita ce abin da ido ba ya gani. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin karnuka da kuliyoyi da ake sayarwa. Guda 15 na ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella, 32 kuma na ɗauke da Listeria, wadda ke iya zubar da ciki ko kashe jariri. A 2018 masu bincike na Jami'ar Utrecht a Holan suka duba nau'i 35 na daskararren ɗanyen abincin dabbobi, suka sami Listeria a fiye da rabinsu, suka kuma sami mugun nau'in E. coli mai lamba O157 a guda 8. Irin wannan nau'in ne ya kama mutum 4 a Birtaniya a 2017, ɗaya ya mutu, kuma hukumar lafiyar ƙasar ta alaƙanta lamarin da ɗanyen tumbin da ake ba karnuka. Tun 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan wannan ciyarwa.

Masu kare yayin suna cewa cikin kare yana da ƙarfi, kuma sau da yawa haka ne. Nan kuwa haɗarin yake. Kare na iya cin gurɓataccen nama ya tashi garau, amma ya riƙa fitar da ƙwayoyin cutar a kashinsa, suna kuma maƙale a bakinsa da kwanonsa. Daga nan sai dandamalin tsakar gida, da takalmin maigadi, da wuƙar da aka yanka naman da ita, da hannun yarinyar da ke wanke kwanon kare kafin ta koma wanke-wanken gida. Lafiyayyen kare ba shaida ba ne cewa gidan yana lafiya.

A lura kuma cewa waɗancan alƙaluman daga ƙasashen da nama ba ya fita daga sanyi tun daga mayanka har zuwa kanti suka fito. A nan kuwa naman da ake saya wa kare galibi shi ne mafi arha a kwata, wanda ya wuni a kan tebur cikin zafin bazara mai haura digiri 40, ƙudaje suna shagali. An kawo shi gida, an jefa firiza, an ɗauke wuta ya narke, an dawo da wuta ya sake daskarewa. Sanyi ba ya kashe Salmonella, kwantar da ita kawai yake yi, kuma duk narkewa dama ce ta hayayyafa.

Akwai wata cutar da ta fi waɗannan kusanci da ƙasar Hausa. Wata 'yar ƙaramar tsutsa ce mai suna Echinococcus granulosus, wadda tsawonta bai wuce 'yan milimita ba. Tana zama a hanjin kare, ƙwayayenta suna fita a kashinsa, tumaki da awaki da shanu da raƙuma su haɗiye su a wurin kiwo, sai su zama ƙululai masu ruwa a huhu da hanta. Idan mahauci ya ga ƙulun ya yanke ya jefa wa kare, da'irar ta cika. Ɗan Adam kuwa yana kamuwa daga kare, ƙulun ya yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa ba tare da alama ba, ƙarshe sai tiyata ko dogon shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ne ke fama da cututtukan wannan dangin tsutsa a kowane lokaci, kuma yankin Turkana na Kenya ya yi ƙaurin suna a kai. Likitocin dabbobi sun daɗe suna cin karo da irin waɗannan ƙululai a mayankan arewacin Najeriya, musamman a jikin raƙuma. Ƙasar New Zealand, mai ɗimbin tumaki, ta kawar da cutar ne ta hanyar hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki da kuma yi musu maganin tsutsa a kai a kai. Abin da wata ƙasa ta kwashe shekaru tana hanawa da ƙarfin doka shi ne ake tallatawa yanzu da sunan wayewa, kuma ranakun layya, lokacin da huhu da hanta ke yawa a kowane gida, su ne lokacin da ya fi kamata a tuna da haka.

Ko da naman tsaf yake, tsoka kaɗai ba abinci ba ce cikakke. Tana da sinadarin fosfaras mai yawa, kalsiyam kuwa kaɗan, alhali kare na buƙatar su kusan daidai wa daida. Ɗan kwikwiyon babban kare da aka raina a kan tsoka zalla, jikinsa zai riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙasusuwansa har su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. A 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun tantance tsarin haɗa abincin kare a gida guda 200 daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata.

Duk wannan bai wanke kamfanoni ba, kuma masu zargin su suna da abin nunawa. A 2007 an janye tarin abincin dabbobi daga kasuwannin Amurka da Kanada bayan an gano sinadarin melamin a kayan haɗin da aka shigo da su daga Sin, bayan karnuka da kuliyoyi da yawa sun mutu da ciwon ƙoda. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 gubar fumfunar masara, wato afulatoksin, a cikin kayan kamfanin Midwestern Pet Foods ta jawo rahoton mutuwar dabbobi fiye da 100. A kasuwannin nan kuma akwai ƙarin damuwa: faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa buhun waje ya yi tsada, wasu 'yan kasuwa suna farke shi suna aunarwa a leda, babu ranar ƙarewar wa'adi, babu sunan kamfani, ga zafi da laima suna lalata man da ke ciki.

Sai dai akwai bambanci a tsakanin haɗuran biyu. Gurɓatar buhu kuskure ne da ake iya bin sawunsa zuwa masana'anta da lambar rukuni, a janye kaya, a hukunta mai laifi. Ƙwayoyin cuta a ɗanyen nama kuwa ɗabi'arsa ce, suna nan yau, suna nan gobe, kuma babu wanda zai buga sanarwar janye tumbin da aka saya a bakin kwata. Wanda ya bar buhu ya rungumi ɗanye saboda tsoron guba ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Sheƙin gashin da ake nunawa a bidiyo kuwa aikin kitse ne, kuma dafaffen abinci mai isasshen mai yana ba da shi.

Zaɓin ma ba biyu ba ne kawai. Mai hali ya sayi buhu rufaffe mai rajistar NAFDAC, wanda aka rubuta a jikinsa cewa cikakken abinci ne bisa ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, kuma ya dace da shekarun karen, ya ajiye shi a inuwa cikin mazubi mai murfi. Wanda buhu ya fi ƙarfinsa ya dafa: shinkafa ko garin masara ko dankali, da nama ko kifi ko ƙwai da suka nuna har ciki, da kabewa ko karas, sannan likitan dabbobi ya ƙayyade masa kalsiyam da sauran ƙari. A kiyaye albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, wanda ke nufin ragowar miyar gida ba ta dace ba. A kiyaye dafaffen ƙashi, domin yana tsagewa ya huda hanji. Kayan cikin da aka ga ƙulu a jikinsu a binne su da zurfi ko a ƙone.

Nauyin gyara yana kan masu ilimin abin. Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yaye likitocin dabbobi duk shekara, amma muryar da ta fi ƙarfi a wayar mai kare ita ce ta dillalin kwikwiyo da mai tallan naman leda, waɗanda ba su da abin asara idan yaro ya kwanta da gudawa mai jini. Mutumin da ya iya kashe maƙudan kuɗi ya sayi kare domin ya tsare masa iyali bai kamata ya mayar da karen nan ƙofar da cuta za ta bi ta shigo musu ba. Tukunya da wuta suna nan a kowane gida, kuma rigakafi ya fi magani.