Cinikin Biri a Sama a Ɗakunan Binciken Tsoka

A shekarun 2013 da 2014, masana na Jami'ar Harvard, cikinsu har da Amy Wagers, sun wallafa cewa wani furotin mai suna GDF11 yana raguwa a jinin ɓera yayin da yake tsufa, kuma idan aka yi wa tsohon ɓera allurarsa, zuciyarsa da tsokarsa kan farfaɗo. Jaridu suka yayata labarin kamar an gano maganin tsufa. A 2015 rukunin David Glass na kamfanin Novartis ya sake gwajin, ya gano abin da ya kamata a ce an duba tun farko: antibodin da aka auna GDF11 da shi ba ya bambanta shi da ɗan'uwansa mayostatin.

Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa domin ya manne wa baƙon abu guda. Masu bincike sukan yi wa zomo ko ɓera allurar furotin da suke nema, su tace antibodin da jikin dabbar ya samar, su haɗa shi da launi. Duk inda launin ya bayyana, sai su ce ga furotin nan. Ke nan hujjar gaba ɗaya ta dogara ne da cewa antibodin bai kama wani abu dabam ba.

A fagen tsokar da ke motsa ƙashi, wannan dogaro yana da haɗari, domin furotin masu tafiyar da ginin tsoka dangin juna ne masu kama da juna. MyoD, wanda ɗakin binciken Harold Weintraub ya gano a 1987, yana da 'yan'uwa uku: Myf5, mayojenin da MRF4. Mayostatin kuwa, wanda Se-Jin Lee da abokiyar aikinsa suka gano a 1997, shi ne birkin da ke hana tsoka girma fiye da kima, kuma ya yi daidai da GDF11 da kusan kashi 90 cikin 100. Rukunin Glass ya ce GDF11 ma daƙile gyaran tsoka yake yi. Masanan Harvard sun kare aikinsu, amma a 2016 masu bincike na Mayo Clinic, da na'urar da ke iya raba 'yan'uwan biyu, suka gano cewa GDF11 ba ya raguwa da shekaru a jinin ɗan Adam.

Babban laifin yana wuyan kasuwar da ke sayar da kayan awo ba tare da ta auna su ba. A 2023 ƙungiyar YCharOS da ke Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65 masu alaƙa da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Fiye da rabinsu suka gaza a aƙalla aiki ɗaya. Tun a 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun suka ƙiyasta cewa ana asarar dala miliyan 800 a duniya kowace shekara kan irin wannan kaya.

Masu kare kamfanonin kan ce an rubuta a jikin kwalba cewa don bincike kawai aka yi ta, saboda haka tantancewa aikin mai saye ne. Wannan uzuri ba ya karɓuwa. An san gwajin da ke raba gardama: a zuba antibodin a kan ƙwayoyin halittar da aka cire musu ƙwayar gadon furotin ɗin, in launi ya bayyana duk da haka, antibodin ƙarya yake yi. Kamfanin da ke sayar wa ɗaruruwan ɗakunan bincike kaya iri ɗaya zai iya yin gwajin sau ɗaya kowa ya huta. Ɗora shi kan ɗalibin digirin digirgir, wanda ya tara dala da ƙyar ya sayi kwalba guda, zalunci ne.

Lamarin ya kai har gadon asibiti. Da antibodin mayojenin da MyoD likitoci ke tabbatar da sankarar tsoka da ta fi kama yara, kuma sun koyi cewa launin da ya fito a wajen cibiyar ƙwayar halitta ba shaida ba ne. A can ana tsananta tantancewa domin rai ne a gaba. Binciken da zai haifar da maganin gobe ya cancanci irin wannan tsanani.

Gyaran a fili yake. Kamfani ya wallafa sakamakon gwajin kowane antibodi kafin ya sa masa farashi. Mujalla ta ƙi karɓar maƙalar da ba ta faɗi lambar kayan da shaidar tantance shi ba. Masu ba da kuɗin bincike su fifita antibodin da ake ƙerawa daga sanannen tsarin gado, wanda gwajin YCharOS ya nuna ya fi sauran inganci. Bayan wannan gwaji, kamfanoni da dama sun janye kayan da suka gaza daga kasuwa. Ashe da ma suna iyawa. Wanda zai tilasta musu ne ba a samu ba.